Wanda Akwati Ya Gani a Kan Rumbu

A shekarar da Turawa suke yaƙi da Jamus a ƙasar Kamaru, aka aiko Dutse a ba da mutanen da za su ɗauki kayan soja. Daga unguwar Malam Maharazu, can gindin duwatsu inda dabino ya yi yawa, mutum tara aka ɗiba. Cikinsu har da Sharhabilu, ɗan Malam ɗin, mijin Luba.

Wata bakwai babu labari. Ran nan sai ga shi shi kaɗai, ya rame ya yi baƙi, da tabon bulala da ya ratsa masa kunci daga kunnen hagu har haɓa. Ba sallamarsa aka yi ba. Jefar da kayan ya yi a wani rafi bayan Yola, ya faɗa daji. Sajan da ya yi masa tabon kuwa, an ce yanzu shi ke tsaron ƙofar ofishin Turawa a Kano. Hukuncin wanda ya gudu, wasu sun ce bulala da kurkuku, wasu sun ce harbi. Babu wanda ya je ya tambayo.

Unguwa ta sani, ta yi shiru. Mai unguwa ma ya sani, ya ga ya fi masa sauƙi kada ya sani. Shi kuwa Sharhabilu, wata uku ƙafarsa ba ta taka ƙofar gida ba.

Ranar da abin ya faru bazara ce, hadari ya fara nuna kansa ta gabas, ga jinkar babban rumbu ta ruɓe. Tun da hantsi ya hau yana ɗaura sabon shuci. Dangar gidan ta wannan gefe gajeriya ce, duk wanda ke kan rumbun, na waje yana hango shi daga ƙugu zuwa sama. Amma wa zai tsaya a waje? Manoma suna sharar gona, Malam na zaune a ƙofar zaure da littafinsa.

Luba tana tsakar gida tana ɗinkin hula sai ta ji ƙarar kofato, ta ji wata murya tana sallama da ƙarfin da ba a yi wa malami. Ta leƙa ta hujin danga. Bature ne, mai rangadin da ya kwana uku a bariki, da masu kaya biyu, da tafintansa Barau, wani mutumin Ringim da ke ɗora tsohon kwat na ubangidansa a kan babbar riga duk zafin nan.

Ta ɗaga kai ta dubi rumbu. Ta so ta yi kira, amma baƙin za su ji.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Barau, "kada ka tashi. Ba mutane muka zo ɗiba ba yau. Gemunka Bature ya gani shekaranjiya a masallacin Juma'a, tun daga ranar ya hana ni sakat. Surarka zai ɗauka."

"Ya ɗauka ya kai ina?"

"Ya kai takarda. Ba ya ciwo, ni sau huɗu an yi mini, ga ni da ƙibata."

Aka kafa wani akwati a kan ƙafafu uku, gabansa da ido na gilashi cikin zoben tagulla. Baturen ya shige cikin baƙin ƙyalle kamar mai turaren zazzaɓi, ya fito, ya koma. Sannan Barau ya ɗaga hannu ya daka tsawa:

"Kada kowa ya motsa!"

Da Malam yake. Amma Sharhabilu wata bakwai ya yi yana jin irin wannan tsawa, jikinsa ya riga hankalinsa amsawa. Ya ɗago kai, igiya a hannu, ya sandare a kan rumbu, fuskarsa tana kallon akwatin sosai. Luba tana gani Baturen ya buɗe idon, ya ƙirga, ya rufe. Sai ya kwance idon gaba ɗaya, ya ɗauko wani ƙarami daga jakar fata ya ɗaura. Aka sake tsawa, aka sake ƙirge, wannan ma ya fi na farko daɗewa. Duk tsawon lokacin nan mijinta bai ko ƙifta ba. Sai da dawakai suka juya ya sulalo ƙasa, ya shige ɗaki, ya yi amai.

Har yau ana cewa mutanen wancan zamani sun ƙi hoto ne don wai yana ɗauke kurwar mutum. Ana faɗi ana dariya. Wasu dai sun ji wannan tsoro, gaskiya ne, amma ba shi ya hana Luba cin abinci ranar ba. Ita abin da ta sani shi ne, akwatin ya kalli mijinta, kuma akwatin Kano za shi.

Washegari da azahar Barau ya dawo shi kaɗai, da takardu biyu cikin ƙyalle. Ya zauna a zaure, ya nemi ruwa. Luba ta kawo ta ajiye a bakin ƙofar ciki, ta laɓe bayan asabari.

"Ga su, Malam. Bature sabon ido aka aiko masa daga ƙasarsu, shi ne yake gwada shi da tsohon, ya ga wanne ya fi. Ya ce ɗaya naka ne kyauta, ka zaɓa. Ɗayan zai kai Kano a liƙa a bangon ofis, duk mai shiga ya ga irin malaman Dutse."

"Ni ba na ajiye sura a gidana."

"To in koma in ce masa ka mayar da kyautarsa?"

Malam ya kai takardun kusa da hanci, ya nesanta su. Idonsa ya daɗe da rauni, karatun ma da ka yake yinsa. Can ya miƙa su ta gefen asabari ba tare da ya waiwaya ba.

"Kai wa uwarku. Ku zaɓi ɗaya, ku maido ɗaya."

"Ku yi a hankali," in ji Barau, "amma kafin la'asar. Da la'asar ake ɗaure kaya."

A ɗakin Inna Kubura, matar Malam, uwar Sharhabilu, aka shimfiɗa su a kan tabarma inda hasken ƙofa ke faɗawa. Su uku suka durƙusa, Inna da Luba da Sharhabilu.

A takarda ta farko ga Malam kamar zai yi magana. Kowane gashin gemunsa a fili, har ɗigon tawada a babban yatsansa. Amma bayansa duniya ta narke. Danga ta zama wani abu fari-fari, dabinon ya juya kamar furar da aka dama da ludayi. A inda rumbu yake, wani dunƙule ne kawai, a kansa kuma wata inuwa mai kama da mutum, ba ido, ba baki, gefenta yana watsewa kamar hayaƙi.

A ta biyu komai yana nan. Malam, danga da kowane karanta, dabino da ganyensa, duwatsu can nesa, har akuyar maƙwabta. A kan rumbu ga Sharhabilu, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, igiya a hannu, ido a zare. Tabon ya fito fari, siriri, daga kunne zuwa haɓa.

Inna Kubura ba ta ko tsaya a kan ta biyun ba. Ta farkon ta ɗora wa hannu.

"Innalillahi. Sun cinye shi. Ku duba, sun fara cinye mini yaro."

Sharhabilu ya ja da baya har ya jingina da bango. "Haka suke zama," ya ce a hankali. "A hanyar Yola. In mutum ya kusa, sai ka dube shi ka ga kamar ba ya nan."

"Wannan ba za ta bar gidan nan ba," in ji Inna. "A hannun kafiri, a kai ta wata uwa duniya, yana narkewa a can yana narkewa a nan? Malam zai yi rubutu a wanke ta da shi, a binne ta a gindin rumbun. Mayar musu da waccan, Luba. Waccan lafiyayye ne a ciki."

Luba ta sake duban takardun. Ita ma inuwar ta tayar mata da tsikar jiki, ba ta son kallonta. Amma duk sanda ta kau da ido, kan tabon yake sauka.

"Inna, lafiyayyen ne za a liƙa a bangon ofis."

"To?"

"Wa ke tsaye a ƙofar ofis ɗin?"

Sharhabilu ya taɓa tabon kuncinsa. A waje kaza ta yi ƙoto.

"Wa zai tsaya duban abu kamar ƙwayar gero?" in ji Inna. "Malam za su kalla."

"Mai tsaron ƙofa ba shi da aiki sai kallon bango, Inna. Yau ya kalli gemu, gobe ya kalli danga, jibi fa? Kuma aikin hannunsa ne. Ko ni na san ɗinkina a kan kowane kai a kasuwa."

"Ke yarinya ce. Bulala ana warkewa. Wannan," ta buga yatsa kusa da inuwar, ba ta yarda ta taɓa ta ba, "wannan ba a warkewa."

Luba ta tilasta wa kanta ta sunkuya a kan takardar. Ta bi ta da ido daga gefe zuwa gefe, kamar yadda take bin hula tana neman inda zare ya kuskure.

"Inna, ina dutsen?"

"Wane dutse?"

"Babban, na bayan gidan maƙwabciyarmu Zinariya. Ga shi a waccan. A nan ina yake?"

Inna ta duba. Wani toka-toka ne kawai a wurin.

"Shi ma ya narke," in ji Luba. "Dabino ya narke, danga ta narke. In mutuwa ce, to har da dutsen za a yi jana'iza."

"Kada ki yi mini wasa da baki a kan ran ɗana!"

"Wallahi ba wasa nake ba." Allurarta tana soke a gefen zane, ta zaro ta, ta ɗaga ta kusa da fuska, tsakaninta da ƙofa. Tana kafa wa kafar allurar ido sai tsakar gida ta tafi. Turmi ya zama dunƙule, randa ta zama inuwa. Kullum haka take gani in za ta zura zare, ba ta taɓa kawo shi a bakin komai ba. Ta miƙa wa mijinta.

"Riƙe nan. Dubi kafar, kada ka dubi komai. Yanzu, ba tare da ka ɗauke ido ba, yaya turmi yake?"

Ya daɗe yana duban kafar.

"Dishi-dishi."

"Dubi turmin."

"Ya dawo."

"Ido ɗaya na akwatin irin namu ne, abu guda yake kallo. Malam ya kalla, bai kalle ka ba. Ɗayan ne mugun, shi ne ya ga kowa."

Ta miƙa wa Inna allurar. Inna ta ture hannun.

"Ni dai shekara goma ke nan komai na nesa dishi-dishi nake ganinsa."

"To, Inna, mun mutu?"

Sharhabilu ya yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka. Inna ba ta yi ba. Ta ɗauki ta inuwar ta kife a kan cinyarta, ta tura wa Luba ɗayar da ƙafa.

"Na gama magana. Naɗe waccan ki kai."

Daga zaure Barau ya ɗaga murya. "Mutanen ciki! Takarda biyu ce fa, ba shanu ɗari ba. Ko sai na aiko muku da alƙali?"

Luba ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai. Ba zai ja da uwarsa ba, ta sani, kuma rabin zuciyarsa na wajen inuwar. Inuwar bango ta riga ta ci rabin tsakar gida.

"To, Inna," ta ce. "Amma kada ki bar ta a jikinki haka. Kawo in sa ta cikin tasa in rufe, kafin Malam ya yi rubutun."

Inna ta ɗauke hannu da sauri kamar ta tuna wuta ce. Luba ta karɓa, ta haɗa da ɗayar, ta juya baya wajen jeren tasoshi. Ba ta taɓa yi wa surukarta ƙarya ba. Ta sa mai tabon a cikin tasa ta rufe da faifai, ta naɗe mai inuwar a ƙyallen Barau, ta fita.

Ta zura ƙyallen ta gefen asabari. Ta ji Barau ya warware.

"A'a! Wannan kuka maido? Bature zai yi murna. Dama ita yake so, tun jiya yake shafa ta yana surutu, wai bayan ya yi laushi kamar man shanu. Wai waccan hayaniya ta yi mata yawa, kamar kasuwa." Ya yi dariya. "Mu a wurinmu wadda ta lalace, ita ce mai kyau a wurinsu."

Luba ta jingina goshi da bango. Daga ciki ta ji ƙarar faifai ya faɗi, sannan salatin Inna, wanda ta toshe da zane don kada baƙo ya ji.

Barau bai tashi ba. Ta ji yana naɗe ƙyallen a hankali, sannan muryarsa ta sauka, dariyar ta fita daga cikinta.

"Allah ya gafarta Malam, wa ya zaɓa?"

"Mata."

"Akwai mai ido a cikinsu." Ya ƙara rage murya. "Zan faɗi wata magana, ba da kowa nake ba, da bangon nan nake. Takardar nan ba ita ce uwa ba. Uwar allon gilashi ce, kowace sura da nata. Daga allo ɗaya Bature yana iya fitar da takarda goma, ko ɗari, duk ranar da ya ga dama. Allunan biyu suna cikin akwatinsa. A Kano kuma akwai wani Bature ɗan'uwansa mai irin wannan hauka, an ce shi ya fi son tsohon ido. Za su baje su a tebur su yi ta musu, wannan ya fi, a'a wancan ya fi. Da madubin ƙara girma suke dubawa. Wanda ke kawo musu shayi, wanda ke tsaye a ƙofa, ni ban san wa zai leƙa ba."

Malam ya ce, da wata murya da Luba ba ta san shi da ita ba, "Ba za a iya fasa shi ba?"

"Mabuɗin a wuyansa yake, Malam. Ni ma ina da fata a baya." Ya miƙe, ya kakkaɓe kwat. "Ta Gaya za mu bi, da tsaye-tsaye. Kwana shida kafin mu shiga Kano. Jinkar rumbunku ta yi kyau. Wanda ya yi ta ya iya aiki, ko'ina ya je zai ci abinci."

Ya yi sallama ya fita.

Luba ta zauna a ƙasa a bayan asabari. Ta ci amanar surukarta, ta aika da inuwar mijinta Kano, kuma fuskar tasa ta bi ta duk da haka. Ta jira Malam ya kira ta ya yi faɗa. Bai kira ba. Carbinsa kawai take ji.

Kwana biyu aka yi ana juya maganar. Inna ta ce a zauna, ba wanda zai duba. Malam ya ce mai yiwuwa. Luba ma ta san mai yiwuwa ne, amma duk sanda kare ya yi haushi a bakin unguwa sai ta ga mijinta ya sandare da loma a hannu, kamar yadda ya yi a kan rumbu. A rana ta uku ita ce ta ce masa ya tafi. Ayarin masu kanwa zai tashi arewa, Damagaram, ƙasar Faransa, inda takardar Kano ba ta da ƙafa. Ya naɗa rawani ya rufe kunci, ya bi su bayan sallar asuba. Inna ba ta yi wa Luba magana ba har aka yi shuka aka yi noman farko.

Daga Kano ba a aiko kowa ba. Damina ta wuce, kaka ta wuce, yaƙin ma ya ƙare. Ko Turawan sun baje allunan, ko sajan ya leƙa, ko an manta da akwatin a wani ɗaki gara ta ci, babu wanda ya taɓa sani. Luba takan kwanta ta lissafa: da ya zauna, da yanzu yana nan. Sai ta sake lissafawa ta ɗaya gefen, ta ga dogarai a ƙofar zaure. Ba ta taɓa samun amsar da ta tsaya ba. Saƙonsa yakan zo ta bakin fatake, yana lafiya, yana jinka a Damagaram, zai dawo in ya tabbata. Yaya mutum zai tabbata da abin da ba a yi ba?

Takardar ba a wanke ta ba, ba a binne ta ba. Malam ya ce a ƙone, sannan bai sake tambaya ba. Wata rana da hantsi Luba tana ɗinki sai ga Inna a ƙofar ɗakinta, ta tsaya tana gyara zane.

"Abin nan," ta ce, ba ta dubi Luba ba. "Yana nan?"

Luba ta ɗauko. Inna ta zauna a bakin ƙofa, ta kai takardar kusa da ido har tana taɓa hancinta. Sharhabilu ɗanta ne na fari. Tun da ta haife shi kunya ba ta bar ta ta kafa masa ido a gaban mutane ba, ko sunansa ba ta taɓa kira ba. Ta daɗe tana kallon ɗan mutumin nan da bai fi yatsa ba.

"Ya rame a nan," ta ce. "Ba ki ba shi abinci ne?"

"Ina ba shi, Inna."

"Hm." Ta matsa gefe, ta bar wa Luba wuri a kan dokin ƙofa. "Zo ki nuna mini inda kunnen yake. Ni ba na gani sosai."